Sanyin Mambilla Ya Daina Tsare Mu: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumomin Lafiya

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jihar Taraba, da shugabannin Shirin Kawar da Zazzaɓin Cizon Sauro na Ƙasa da ke Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni malamin makaranta ne, haifaffen tsaunin Mambilla, a nan kuma na yi aikina har furfura ta fito. Ina rubuto muku ne da yawun iyayen yara, da manoman masara, da makiyaya, da mata masu tsinkar ganyen shayi a Kakara, da 'yan kasuwar da ke kai da komo tsakanin Gembu, Nguroje, Maisamari, Dorofi da Mayo Ndaga. Mun daɗe muna wannan magana a gindin murhu da wuraren gaisuwar mutuwa, muka ga lokaci ya yi da za ta iso teburinku kafin wata daminar ta sauka.

Duk inda aka ambaci Mambilla a zancen zazzaɓin cizon sauro, amsa ɗaya muke ji: ai can sanyi ne, me sauro zai yi a can? Maganar tana da asali. Tsaunin nan ya kai kimanin mita 1,600 a kan teku, kuma a kusa da mu Chappal Waddi yake, wanda ya fi ko'ina tsawo a Najeriya da mita 2,419. Dattawanmu suna ba da labarin zamanin da mutum kan yi shekara bai ji kukan sauro a ɗakinsa ba, zazzaɓi kuwa ciwon matafiya ne, sai wanda ya gangara Serti ko Bali yake dawowa da shi. Yau yaron da bai taɓa sauka daga tsauni ba yana kwanciya da shi. Wannan shi ne kukanmu, kuma muna so ku fahimci dalilinsa yadda muka fahimta.

Ƙwayar cutar ba ta wucewa daga mutum zuwa mutum sai ta fara girma a cikin cikin sauro, girman nan kuwa zafi ne ke tafiyar da shi. Idan yanayi ya yi ƙasa da digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Salsiyos, ƙwayar kusan tsayawa take yi cik. A digiri 20 tana buƙatar fiye da mako uku kafin ta isa bakin sauro, a digiri 25 kuwa ba ta cika mako biyu ba. Galibin sauro ba ya wuce mako biyu zuwa uku a duniya. Ashe abin da ya tsare kakanninmu shi ne sauron yana mutuwa kafin ƙwayar ta nuna. Tazarar ƴar kaɗan ce. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi na raguwa da kimanin digiri 6. Ke nan ƙarin digiri ɗaya tak tamkar an sauko da gari ne da fiye da mita 150. Mu da muke zaune daidai kan iyakar da ƙwayar ke rayuwa ko ta mutu, wannan ƙari da mutumin Jalingo ba zai ko lura da shi ba, mu yana iya sauya mana damina gaba ɗaya. Kun sani kuma, masana yanayi sun tabbatar da cewa 2024 ita ce shekara mafi zafi da aka taɓa aunawa a duniya zuwa lokacin.

Akwai abin da ya fi wannan ɗaga mana hankali. Mutumin kwari da sauro ke cizo tun yana goye, idan Allah ya raya shi ya wuce ƙuruciya, jikinsa kan saba da cutar, ta riƙa zuwa masa da sauƙi. Mutumin tudu bai samu wannan sabo ba. Idan ta zo mana, ba ta bambanta yaro da magidanci. Shi ya sa a ƙasashe masu tsaunuka take zuwa a matsayin annoba: a yi shekaru shiru, sannan a wayi gari a shekara guda gari ya kwanta. A Habasha a 1958, bayan ruwa mai yawa da zafin da ba a saba gani ba, annobar ta afka wa tuddai masu tsawon mita 1,600 zuwa sama da 2,000, aka ƙiyasta mutum miliyan 3 sun kamu, kimanin 150,000 suka rasu. Ku dubi wannan tsawo da kyau, shi ne tsawon garuruwanmu. A tuddan Madagaska, bayan an yi sake da feshi da magani, cutar ta dawo a ƙarshen shekarun 1980 ta kashe dubban mutane. A 1998, bayan yanayin nan da ake kira El Nino, yankin Kabale a Yuganda da tuddan yammacin Kenya sun sha irin wannan. A 2014 kuma mujallar kimiyya ta Science ta buga binciken da aka yi a Habasha da Kolombiya, wanda ya nuna cewa a shekarun da aka fi zafi cutar tana hawa sama zuwa garuruwan da suka fi tsawo, a shekarun sanyi ta ja da baya.

Amma da na ɗora laifin duka a kan sauyin yanayi, da na cuce ku, na cuci mutanena. Sauyin yanayi yana da daɗin zargi, domin babu ofishin da za a tuhuma a kansa. A gonakin shayi na Kericho a Kenya, inda asibitocin kamfani suka adana alƙaluma na gomman shekaru, cutar ta yi tashin gwauron zabo a shekarun 1990, masana kuma suka yi ta jayayya a kan dalili. Wasu suka ce zafi ne ya ƙaru, wasu suka nuna cewa a daidai lokacin ne maganin zazzaɓin nan kulorakwin ya daina aiki, ga kuma ma'aikata masu zuwa gida kusa da tafkin Biktoriya suna dawowa da cutar a jininsu. Abin da na ɗauka daga wannan jayayya shi ne abubuwan tare suke aiki. Zafi yana buɗe ƙofa, sauran kuma aikin hannunmu ne. Kuma aikin hannun shi ne wanda ku da mu za mu iya gyarawa tun bana.

Ku fara da zirga-zirga. Hanyar da ta taso daga Jalingo ta bi Bali da Serti, ta hau tsauni daga Mayo Selbe, ba ta hutawa. Ɗalibai suna zuwa karatu ƙasa suna dawowa hutu. Da rani makiyaya suna gangarawa kwaruruka da shanu neman ciyawa. Matasa sun cika wuraren haƙar duwatsu masu daraja a kewayen Nguroje daga sassa daban-daban na ƙasar nan. Tun 2017 kuma bayin Allah da rikicin yankin masu magana da Ingilishi na Kamaru ya koro suna tsallakowa zuwa garuruwanmu na kan iyaka. Babu mai laifi a cikin waɗannan, kowa abincinsa ko tsiransa yake nema. Sai dai wanda ya iso da ƙwayar a jininsa, ko da shi bai ji komai ba, ya ishi sauron unguwa ya ɗauka ya raba.

Sai ƙasar kanta. Ramukan haƙa da aka bari a buɗe, ramukan da ake ɗibar ƙasar bulo a bayan kowace sabuwar unguwa, sawun kofaton shanu a bakin mashaya, kwatamin gefen hanya: waɗannan ƙananan ruwaye masu shan rana su ne sauron zazzaɓi ya fi so ya yi ƙwai a ciki, ya fi son su a kan babban kogi mai gudu. Fadamun da a da suke lulluɓe da ciyawa da inuwa, yanzu an sare an yi kunya an shuka, saboda jama'a ta ƙaru, ƙasar noma kuma ta yi kaɗan. A Kabale an auna an ga ƙauyukan da ke kusa da fadamun da aka mayar gonaki sun fi ɗumi a kan waɗanda ke kusa da fadamun da aka bari da ciyawarsu. A yammacin Kenya an ga haka a inda aka sare daji: ɗakuna sun fi ɗumi, sauro kuma ya fi saurin hayayyafa. Kurmin da ya rage mana irin na Ngel Nyaki kaɗan ne, na bakin rafuka kuwa gatari yana cin su kullum. Har masarar da muke tinƙaho da ita tana da hannu. A Habasha an gano cewa ƙurar furen masara idan ta zuba a kududdufi abinci ce ga tsutsar sauro, tana sa ta girma da sauri ta fito da ƙarfi, kuma a gundumar Bure an samu cutar ta ninka sau da yawa a ƙauyukan da suka fi noman masara. Mu kuwa masararmu har bakin taga take kaiwa. Ba wanda zai ce wa talaka ya daina noman abin da zai ci, amma ana iya koya masa ya cike kududdufin da ke kusa da gida lokacin da masara ke fure. Ban taɓa jin an yi mana wannan bayani a rediyo ko a wurin awo ba.

Kukanmu na gaba a kan gidan sauro ne, kuma a nan rabin laifin namu ne. Ana kawo shi, muna godiya. Amma mutumin da ya girma yana jin cewa garinsu babu sauro, kuma da dare bargo biyu yake rufa, ba ya ganin dalilin rataya shi. Ku zaga bayan gidaje za ku gan shi an kewaye lambun kabeji da shi, ko an rufe ƴan tsaki. Saƙon da ake karanta mana lokacin rabo shi ne wanda ake karantawa a Ibi ko Lau, inda ba sai an roƙi kowa ba domin sauro da kansa yake tunatarwa. Mu a nan sauro kaɗan ne, ba ya hana barci, amma kaɗan ɗin ya isa, domin da dare cikin ɗaki yake fakewa inda wuta da numfashin mutane suka ɗumama. Sai an faɗa wa mutane wannan da Fulfulde da harshen Mambilla da Kaka da Hausa, ta bakin liman da fasto da mai unguwa, kafin gidan sauro ya koma kan gado.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jinkirin gane cutar. Ɗan ƙanwata, saurayi ne mai ƙarfi da ke kiwon shanun gidansu, ya fara da ciwon kai da rawar sanyi a tsakiyar damina. Kowa ya ce mura ce, ruwa ne ya dake shi. Aka je wani kemis, mai kemis bai yi gwaji ba domin ba shi da abin gwajin, ya ce taifot ne, ya ƙulla magunguna a leda. Sai da yaron ya fara surutai, idonsa ya yi fari, sannan aka ɗora shi a babur, mutum ɗaya na tuƙi ɗaya na riƙe da shi, a kan hanya mai santsi. A asibiti aka ɗiga jininsa, cikin ƴan mintuna aka ce zazzaɓin cizon sauro ne mai tsanani. Ya tashi bayan allurai da ƙarin jini, an sayar da saniya an biya, kuma an rasa hannunsa a gona a lokacin da aka fi buƙata. Shi ya yi sa'a, gidansu na kusa da hanya. Mutanen tsallaken kogin Donga, waɗanda sai sun jira kwalekwale, da na rugage a kan tuddai, yaro yana fara jijjiga da dare babu abin yi sai addu'a da jiran gari ya waye. Mace mai ciki da ba ta da sabon cutar tana iya rasa cikin, ko ta rasa ranta. A aji kuma ni shaida ne: ƙarshen damina kujeru kan zama wayam, yaron da ya dawo sai ka ga ya rame, karatun da aka yi ya wuce shi.

Najeriya ta bar kulorakwin ta koma magungunan haɗi masu atemisinin tun wajen 2005, amma har yau ana sayar da shi a kasuwannin ƙauye, ana kuma yanka fakitin sahihin magani a sayar wa mutum rabi gwargwadon kuɗinsa. Wanda ya sha rabi ya ji sauƙi, ƙwayar na nan a jininsa.

Akwai kuma matsalar ƙidaya. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 22 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara biyar suna ɗauke da ƙwayar, ya kuma ba da adadin kowace jiha. Amma Taraba jiha ce da ta haɗa kwarin Binuwai da ƙololuwar Najeriya. Adadi guda ba zai iya bayyana duka biyun ba. Ko a cikin ƙaramar hukumar Sardauna, ƙauyen da ke gangaren kogi da wanda ke kan tudu ba halinsu ɗaya ba. Idan aka zuba alƙalumanmu cikin na jiha, tashin da zai nuna farkon annoba a ƙauye uku sai ya ɓace, ba za a gan shi ba sai gadajen asibiti sun cika. Mun san nauyin da ke kanku: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa a duniya a ƙasar nan suke, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na masu mutuwa. Daidai ne a fi mayar da hankali inda cutar ta fi yawa. Abin da muke nema ba zai rage wa kowa rabonsa ba, domin sa ido ya fi arha a kan kwasar marasa lafiya.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga buƙatunmu.

Muna roƙon ku ayyana tsaunin Mambilla a matsayin yanki mai haɗarin annobar zazzaɓin cizon sauro, da tsarinsa na daban, kamar yadda Kenya ta ware tuddanta a taswirar yaƙi da cutar. A zaɓi wasu asibitoci da ƙananan cibiyoyi a tsawo daban-daban, daga gangare zuwa ƙololuwa, su riƙa aiko da adadin waɗanda gwaji ya tabbatar kowane mako ta waya, tare da shekarun mai ciwon, da ƙauyensa, da amsar tambaya guda: ya sauka ƙasa a makonnin da suka wuce ko bai sauka ba? Wannan tambaya kaɗai za ta nuna muku ko shigo da cutar ake yi ko a nan take yaɗuwa. A kuma sa wa kowace cibiya iyaka, wadda idan adadi ya haura ta, mota za ta taso ba tare da jiran taro ba.

Ku haɗa hannu da hukumar hasashen yanayi ta NiMet a kafa ma'aunan zafi da ruwan sama a manyan garuruwan tsauni. Makarantunmu za su iya riƙe su, mu malamai a shirye muke, ɗalibai ma za su ƙaru. Abin da ya fi muhimmanci a auna shi ne sanyin dare. Idan aka ga darare sun yi ɗumi a jere bayan ruwa mai yawa, akwai makonni kafin marasa lafiya su fara yawa, kuma a cikin makonnin nan ne ake iya yin feshin cikin ɗakuna a ƙauyukan gangare da kai magani.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kayan gwaji, da magungunan haɗi, da allurar atesunet ta masu tsanani, da wanda ake sa wa yaro ta dubura kafin a kai shi asibiti, su iso tsauni tun watan Maris kafin hanyoyi su lalace, a kuma ajiye kaso na musamman a tsallaken Donga. A horar da masu kemis su yi gwaji kafin su ba da magani, tunda gaskiyar magana wurinsu ake fara zuwa, a kuma kwashe kulorakwin da jabun magani daga kasuwa. Mata masu ciki su samu maganin rigakafinsu a kowane awo, ma'aikatan lafiya kuma su riƙa bin rugage da wuraren haƙa da matsugunan ƴan gudun hijira, kada a jira su zo.

Ku yi magana da takwarorinku na ma'adinai da muhalli da ayyuka: duk wanda ya haƙa rami, mai neman dutse ne ko ɗan kwangilar hanya, a tilasta masa ya cike kafin ya tashi. A kuma nemi masana ƙwari daga jami'o'inmu su zo su kama sauron tsauni su tantance irinsa da inda yake ƙwai, musamman tunda an gano sabon nau'in nan na Asiya, Anopheles stephensi, a maƙwabciyarmu Gombe a 2020, wanda ke iya hayayyafa a tankuna da randunan cikin gari.

Allurar rigakafi ta R21 da aka fara bai wa yara a Kebbi da Bayelsa a watan Disamban 2024, idan layi ya zo kan Taraba, kada a bar ƴaƴanmu a baya da hujjar sanyi.

Buƙata ta ƙarshe ta shafi madatsar ruwan lantarki ta Mambilla, wadda aka yi shekaru da dama ana alkawarinta a kan kogin Donga. Muna son wuta kamar kowa. Amma a 1999 an buga wani bincike daga tuddan Tigray a Habasha, wanda Dakta Tedros Adhanom Ghebreyesus, shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya na yanzu, ya jagoranta. Ya nuna yaran da ke zaune kusa da ƙananan madatsun ruwa sun fi na nesa kamuwa da cutar har ninki bakwai. Idan aikin nan ya tashi, zai zo da tafki, da ramuka, da dubban ma'aikata daga kwari. Muna roƙon Ma'aikatar Lafiya ta nemi kujera a teburin tun yanzu, ta tabbatar an rubuta kuɗin sa ido da feshi da asibitocin ƙauyukan bakin ruwa a cikin yarjejeniyar kafin a sa hannu, sannan a auna yawan cutar a ƙauyukan kafin a fara tare ruwa.

Muna gayyatar ku ku turo tawaga ta zauna da sarakunanmu da ma'aikatan lafiya da shugabannin mata kafin ruwa ya sauka, kuma muna fatan samun amsarku a rubuce, wadda za mu karanta wa waɗanda suka aiko ni.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin makaranta, a madadin iyaye, manoma da makiyayan tsaunin Mambilla, ƙaramar hukumar Sardauna, Jihar Taraba.